Akwatin Kifin Baban Famfo

A rami na uku bakin injin huda ya faɗa cikin fanko. Maiwuta ya ji hannunsa ya tafi gaba babu abin da ya tare shi. Ya kashe injin, ya zaro ƙarfen. Garin siminti ya zubo a kan jaridar da Goggo ta shimfiɗa a gindin bango.

"Baba, bulon nan kogo ne," in ji shi.

"Na ji," in ji tsohon daga kan gado. "Tun a na biyu ƙarar ta sauya. Shiru na yi in ga ko za ka faɗi gaskiya."

Baban Famfo ake ce masa a gidan benen. Ya yi shekara talatin yana aiki a ma'aikatar ruwa, kuma ko bayan ya yi ritaya, duk ranar da famfo ya ƙafe ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa. Maiwuta mai gyaran lantarki ne, ɗakinsa na manne da na tsohon, bango ɗaya ya raba su. Mutanen gidan sukan tsokane su a matakala, wai ba a taɓa ganin wuta da ruwa sun yi zaman lafiya irin nasu ba.

Ciwon huhu ne ya kwantar da tsohon. Asibiti sun sallame shi da tukunyar iskar numfashi da leda cike da magani. 'Yarsa, wadda ke aiki a wani gari, ta ɗauko hayar gadon asibiti mai ƙafar taya, ta kuma ɗauko ƙanwarsa Goggo ta zauna da shi. Gadon da tukunyar da kujerar Goggo suka cinye ɗakin. Tagar kuma bangon gidan maƙwabta take kallo. Shi ya sa da ya ce yana son akwatin kifi, babu inda za a ajiye shi sai jikin bango, daidai inda idonsa ke sauka in yana kwance.

"To yaya ke nan?" in ji Goggo. Tana tsaye da tsintsiya tun kafin ƙurar ta gama sauka.

"Ba zai riƙe ba," in ji Maiwuta.

"Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce," in ji tsohon. Ya dakata ya ja iska. "Ka haɗa da gilashi da tsakuwa. Buhun siminti ke nan da ɗoriya, a rataye saman ƙafafuna."

"Sai dai mu ratsa bangon gaba ɗaya. In sa faranti na ƙarfe ta ɗakina, in ɗaure noti a can."

"Matarka za ta yarda?"

"Za ta rataya kalanda a kai."

"Yaya, kai da a rataya maka hoton kifin kawai," in ji Goggo. "Ba ya zuba, ba ya cin abinci."

"Ke ma da hotonki aka kawo mini, da na samu barci."

Maiwuta ya sauya bakin injin ya sa dogo.

Zaɓen akwatin shi ne fitar tsohon ta ƙarshe da ƙafafunsa. Maiwuta ne ya kai shi, a hankali, suna tsayawa a kowace kwanar matakala. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da tayal da mai gyaran waya, yana warin danshi. Mai shagon ya fara nuna musu wani mai siffar rabin ƙwallo, na roba, wanda ake maƙalawa da ƙusa biyu kamar agogo. Ya ce shi aka fi saye.

Tsohon ya leƙa cikinsa. "Wannan ai kofin shayi ne. Ruwa kaɗan ba ya da haƙuri, da safe lafiya, da yamma ya lalace."

Ya ƙi wani siriri kamar allon hoto, ya ce kifi ba zai iya juyawa a ciki ba sai ya yi ribas. Ya ɗauki dogo mai kusurwa huɗu, mai kaurin gilashi, da ƙarfen da zai ɗauke shi, da fitila a murfi, da ɗan injin tace ruwa mai soso a ciki. Sannan ya tsaya gaban wani tanki ya daɗe yana kallon wasu ƙananan kifaye masu jan wutsiya.

"Waɗannan," in ji shi.

"Ba yau ba, Baba," in ji mai shagon. "Sabon ruwa kashe kifi yake. Sai an bar injin yana aiki, ana ɗan zuba abincin kifi kullum yana ruɓewa, har ƙwayoyin da ke cinye dattin su hayayyafa a cikin soson. Sannan ruwa ya nuna. Wata guda, wani lokacin ya fi. Ai babu gaggawa ko?"

"Babu," in ji tsohon.

A makon da ya wuce 'yar tsohon ta tsayar da Maiwuta a bakin matakala, ta ce likita ya ce kada su yi lissafi da watanni. Ya kalli tsohon. Tsohon na duba kwalin kwalaben gwajin ruwa, yana karanta ƙananan rubutun da ke baya.

A mota Maiwuta ya tambaye shi me ya kawo maganar kifi yanzu.

"Shekara talatin ina kashe duk abin da ke motsi a cikin ruwa," in ji tsohon. "Aikina ke nan, kuma na iya shi. Ina so in ga ruwa da rai a ciki."

Kafin la'asar ɗin ranar huda bangon an gama ɗaure ƙarfen. Maiwuta ya ɗora ma'aunin magina a kai, ɗigon iskar ya tsaya a tsakiya. Tsohon ya sa aka miƙo masa ma'aunin ya duba ko shi kansa ma'aunin daidai yake. Sannan Maiwuta ya kama ƙarfen da hannu biyu ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa, ya yi lilo. Bangon bai ce uffan ba.

"In ya ɗauke ka da tumbin nan, zai ɗauki kogi," in ji Goggo.

Maiwuta ya jawo waya ya kafa soket sama da tsayin ruwa, nesa da tukunyar iska. Aka wanke tsakuwa, aka jera duwatsu biyu. Ruwan da aka zuba ya kwana biyu a bokitai a baranda, bisa umarnin tsohon. Maiwuta bai tambayi dalili ba. Ya ɗauka irin tsarin tsofaffi ne. Da aka kunna, injin ya yi tari sau ɗaya, kumfa ta fara tashi a kusurwa.

Daga nan kwanakin suka koma iri ɗaya. Kowace safiya kafin ya fita aiki Maiwuta yakan shigo, ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya miƙa wa tsohon. Tsohon ya ɗiga maganin gwaji, ya girgiza, ya kara kwalbar a jikin farin zanen gado. In ruwan ya fito shuɗi garau, ya nuna. In ya yi ja-ja, da guba a ciki. Kullum ja-ja yake fitowa. Sai tsohon ya ce, "Da saura," Maiwuta ya murje ɗan abincin kifi tsakanin yatsu biyu ya zuba a ruwan da babu kowa a ciki.

"Na ga mai ciyar da kaji, na ga mai ciyar da kyanwa," in ji Goggo. "Mai ciyar da ruwa sai a gidan nan."

Masu zuwa dubiya sukan gaida mara lafiya, sannan su juya su tsaya gaban akwatin. Tela na ƙasa ya sunkuya ya leƙa bayan duwatsun.

"Ina kifin?"

"Suna hanya," in ji tsohon.

"A ƙafa suka taho?"

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Goggo ta kori telan.

Yana ramewa a hankali. Agogonsa ya fara zamewa har gwiwar hannu, Goggo ta cire ta ajiye. Maganarsa ta koma guntu-guntu. Amma jan da ke cikin kwalbar ya fara dusashewa, kuma ya lura kafin kowa. Wata safiya ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Ya juyo. Mako ɗaya, in Allah ya so." Ya sa Maiwuta ya kira mai shagon a waya, a ware masa kifayen.

A ranar da daddare babu abin da ya faru, amma washegari da hantsi numfashinsa ya ƙi. Aka sauko da shi a kujera, mutum huɗu, aka kai shi asibiti. Likita ya ce ruwa ne ya taru a ƙirjinsa, za a zuƙe, zai yi 'yan kwanaki.

"Ruwa na ramuwa," in ji tsohon, ana tura shi a kan gado. Ya kama hannun rigar Maiwuta. "Kada a kashe injin."

Ba a kashe ba. Amma kwana biyu da tafiyarsa ruwan akwatin ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Goggo ce ta fara gani da ta dawo ɗaukar kaya. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Maiwuta.

"Zo ka ga abin ɗan'uwanka. Ya ruɓe."

Maiwuta ya tsaya gaban gilashin. Ba a ganin duwatsun sosai. Ya buɗe injin ya zaro soson. Ya yi ƙasa-ƙasa, yana yauƙi, yana warin laka.

"Mai ciwon huhu zai dawo ya kwana da wannan?" in ji Goggo. "Mutane na shigowa. Su ce ƙanwarsa na zaune ɗakinsa ya zama kwata."

Shi ma abin da ya gani ke nan. A sana'arsa duk abin da ya yi baƙi ya yi yauƙi, gogewa ake yi. Ya tuna mai shagon ya yi maganar wasu ƙwayoyi, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa kamanninsu ke nan ba. Ya ɗauka suna cikin ruwan ne ko cikin gilashin, wani wuri mai tsabta.

Sun yi aikin da zuciya ɗaya. Maiwuta ya zuƙe ruwan da tiyo zuwa bokiti, ya yi ta kaiwa banɗaki. Goggo ta wanke tsakuwar sau uku, ta goge duwatsun da burushi, ta sa wa soson sabulu ta murje shi a ƙarƙashin famfo har ya dawo fari kamar ranar da aka saye shi. Suka jona tiyo a famfon kicin suka cika akwatin. Ruwan ya tsaya garau, fitilar na ratsa shi har ƙasa. Goggo ta goge gilashin da jarida ta ja baya.

"Yanzu ka ga abu," in ji ta.

Da aka dawo da tsohon, aka kwantar da shi, aka gyara masa robar hanci, sai Goggo ta matsa gefe don ya gani. Ya kalli akwatin. Ya ɗan ɗaga robar daga hancinsa, ya shaƙi iskar ɗakin sau biyu, ya mayar.

"Daga famfo kuka cika?"

"Ruwan ya yi fari, Baba," in ji Maiwuta. "Muka ce kafin ka dawo..."

"Soson fa?"

"Na wanke shi tas," in ji Goggo. "Da sabulu."

Tsohon ya rufe ido. Babu abin da ake ji sai tukunyar iska da kumfar akwatin.

"Farin nan alama ce," in ji shi can. "Da kansa yake washewa. Yauƙin soson kuma shi muke jira." Ya huta. "Maganin da ke cikin famfo ba ya barin komai da rai. Na san ƙarfinsa. Ni na yi ta zuba shi."

Goggo ta zauna a kujerarta. Ta ɗauki tsumman da ke hannun kujerar ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

"Yaya, ni tsabta na yi."

"Na sani. Kin yi da kyau. Babu abin da ya tsira."

Bai ƙara tada maganar ba. Ya sa aka zuƙe ruwan, aka ɗauraye soson har kumfar sabulu ta daina fita, aka ajiye bokitai a baranda. Aka koma farko.

Yanzu Maiwuta ne ke ɗiga maganin gwaji, don hannun tsohon ba ya riƙe kwalba. Kwanakin farko kwalbar ta fito shuɗi, Goggo ta miƙe tsaye, tsohon ya ce wannan shuɗin ƙarya ne, na ruwan da ba a fara komai a cikinsa ba. Bayan haka jan ya dawo, ya fi na da.

Wata safiya Maiwuta ya ajiye kwalbar ya ce, "Baba, bari in kawo su yau. Ko biyu ne."

"Su yi kwana nawa?"

"Ko nawa ne. Ka dai gan su."

"In gan su suna haki a saman ruwa." Tsohon ya taɓa robar hancinsa. "Mai haki ɗaya ya isa ɗakin nan."

"Kifi ne fa, Yaya," in ji Goggo. "Na kasuwa ma soya su muke."

"Wancan da niyya ne." Ya juya ido wajen Maiwuta. "Ban taɓa sakin ruwa ban gwada ba. Ko sau ɗaya. Har da ranar da manya suka tsaya a kaina suna cewa gari na jira." Ya ja iska. "Ba zan fara a kan gadon nan ba."

'Yarsa ta zo a ƙarshen mako. Ta ji labarin a kicin, ta fito ta sami Maiwuta a baranda yana duba bokitai.

"Kawu, ka je ka sayo kawai. In an zuba ai ba zai tashi ya kwashe su ba."

"Ba zai tashi ba," in ji Maiwuta. "Juya fuska zai yi ya kalli ɗaya bangon."

Ta san mahaifinta.

Duk da haka Maiwuta ya je shagon ranar Litinin, ba tare da ya san me zai saya ba. Mai shagon na tsaye kan kujera yana goge wani tanki.

"Kifayenku na nan na ware. Har yanzu ruwan bai nuna ba?"

Maiwuta ya gaya masa abin da suka yi da soson. Mai shagon ya yi dariya, ya ce kowa sai ya yi wannan sau ɗaya, a sake jira kawai. Sai Maiwuta ya gaya masa sauran, abin da likita ya faɗa.

Mai shagon ya sauko daga kujerar.

"Me ya sa ba ku faɗa ba tun ranar?"

"Bai so a sani ba."

"Na tambaye shi ko da gaggawa."

"Ka tambaya."

Mai shagon ya buɗe injin wani tsohon tanki da ke can ciki, ya zaro soso baƙi ƙirin, yana ɗiga. Ya jefa shi a leda, ya ɗebi ruwan tankin ya zuba a kai, ya ɗaure.

"Wannan ya shekara yana aiki. Ka sa shi a injinku kafin ya bushe. Ba wata ba, 'yan kwanaki. Da kun faɗa, da ranar farko na ba ku." Ya ƙi karɓar komai. "Kada kowa ya wanke shi."

Goggo ta ga ledar a hannunsa ta toshe hanci, amma ita ta riƙe masa murfin injin har ya gama sawa. Tsohon ya saurari bayanin idonsa a rufe.

"Iri ke nan," in ji shi. "Kamar na nono." Ya buɗe ido. "Ban yi tunaninsa ba. Mu ba ma ajiye iri."

Jan ya fara sauka da sauri. Kowace safiya ya fi na jiya haske. Tsohon ya daina cin abinci, sai ruwa a cokali. Ba ya magana sai lokacin gwaji. Goggo ta daina share ɗakin da safe don kada ƙura ta tashi, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ran Alhamis Maiwuta ya ɗiga maganin, ya girgiza, ya kara kwalbar a zanen gado kusa da fuskar tsohon. Shuɗi ne, amma da ɗan jirwaye in an karkata ta wajen taga.

"Baba, ya yi."

Tsohon ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallo.

"Karkata."

Maiwuta ya karkata.

"Da saura."

"Kaɗan ne."

"Kaɗan ma saura ne."

Maiwuta ya wanke kwalbar, ya zuba abincin, ya ɗauki jakar aikinsa. Yana da aiki a wani shagon aski, soket uku sun ƙone. Yana kan na biyu wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta ce ya dawo gida, Baba ya cika. Ya ce to. Ya mayar da wayar aljihu. Sauran sukurori biyu a murfin soket ɗin, ya ɗaure su, ya gwada da tasta, fitilar ta kama. Mai askin ya ce na ukun fa? Ya ce gobe.

Da ya iso, takalma sun cika bakin ƙofa har matakala. An rufe tsohon da farin zanen. An kashe tukunyar iska, kuma sai a lokacin Maiwuta ya gane yawan ƙarar da take yi. Goggo na kujerarta, hannuwanta a cinya. Ta ce ta je ɗauko cokali ne, ta dawo ta tarar ya cika. Ta faɗa wa duk wanda ya shigo, da kalmomi iri ɗaya.

Telan ƙasa ya ga fitila na ci a ɗakin mamaci, ruwa na ɓulɓula. Ya miƙa hannu wajen soket.

"Bar shi," in ji Maiwuta.

"Ai bai dace ba, ana..."

"Kashe fitilar. Injin bar shi."

"A bar shi," in ji Goggo, ba ta ɗago ba.

Aka yi abin da ake yi. Maiwuta na cikin waɗanda suka sauko da shi, bai fi nauyin bokiti biyu ba. Mutane suka yi ta zuwa suna tafiya. Masu gadon haya suka zo da mota suka kwance shi, suka haɗa da tukunyar. Kowace safiya Maiwuta yakan shigo ta tsakanin masu gaisuwa, ya ɗebi ruwa, ya ɗiga magani, ya zuba abinci. Babu wanda ya tambaye shi. Wasu sun ɗauka wani abu ne mamacin ya bar wasiyya.

Da ɗakin ya yi sauƙin mutane, wata safiya kwalbar ta fito shuɗi. Ya karkata ta wajen taga. Ya fita baranda ya karkata ta a rana. Babu jirwaye. Ya sake ɗibar wani ruwan ya gwada. Haka.

'Yar tsohon na ɗaure littattafai a kwali. Ta ce za ta saki ɗakin ƙarshen wata, Goggo za ta koma wajen 'ya'yanta.

"Kawu, akwatin naka ne. Ka kwance ka kai ɗakinka."

"Zan kwance. Ba yau ba."

Ya nuna mata kwalbar. Ta kalla, ba ta san me ake gani a ciki ba, amma ta gyaɗa kai.

Mai shagon ya ga Maiwuta shi kaɗai a bakin ƙofar shagon.

"Ya nuna?"

"Ya nuna."

"Baba fa?"

"Ran Alhamis."

"Allah ya jiƙansa." Mai shagon ya ɗauki 'yar raga ya tsaya gaban tankin. Kifayen suka watse. Ya kama su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a leda, ya hura mata iska ya ɗaure da roba. "Kada ka juye su kai tsaye. Ka ɗora ledar a saman ruwan tukuna, sanyinsu ya zo ɗaya. Sannan ka buɗe, ka bar su su fita da kansu. Fitila a kashe."

Maiwuta ya riƙo ledar a cinya cikin motar haya. Wata mata a gefensa ta tambaya ko na ci ne. Ya ce a'a.

Ɗakin ya yi girma. Tayoyin gadon sun bar gurbi huɗu a ledar ƙasa. An fitar da kujerar Goggo, tana zaune a kan akwatin kayanta. 'Yar tsohon ta fita neman mota.

Maiwuta ya ɗaga murfin ya ɗora ledar a kan ruwan. Ta yi ta juyawa a hankali, kumfa na tura ta. Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya kifa bokiti ya zauna. A ƙasa keken telan na tafiya yana tsayawa.

Can ya tashi ya warware robar, ya karkata bakin ledar cikin ruwa. Kifayen suka tsaya a ƙuryarta. Sai ɗaya ya fita, sauran suka bi shi a guje. Kafin ya zare ledar duk sun shige bayan injin da ƙarƙashin duwatsu.

Ya rufe murfin ya koma kan bokitin.

"Ina suke?" in ji Goggo.

"Suna ciki."

Ta matso da akwatin kayanta kusa da shi. Suka zauna suna kallon ruwan. Tsakuwa, duwatsu biyu, kumfa a kusurwa. Daga bayan injin, can ƙasa, bakin wata jar wutsiya ya leƙo, yana kaɗawa kaɗan-kaɗan.